Tsofaffin Kekunan Doguwar Tafiya a Kasuwar Gwanjo ta Ingila

A wannan takarda muna so mu nuna cewa darajar tsofaffin kekunan doguwar tafiya a kasuwar gwanjo ta Ingila tana da tushe a tarihi. A shekarar 1935 kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da bututun ƙarfe mai lamba 531, marar nauyi, mai juriya, wanda daga baya aka ƙera kekuna irin su Dawes Galaxy da shi. Da masana'antu suka karkata ga alminiyam, Raleigh kuma ya rufe masana'antarsa ta Nottingham a 2002, sai masu son keken ƙarfe suka koma gwanjo, domin idan bututu ya karye ana iya sauya shi. Saboda haka muke ganin sauƙin gyara shi ne ƙashin bayan wannan kasuwa.