Alan Lennox-Boyd: Baturen Da Ya Yanka Ranar 'Yancin Nijeriya

Shekara da shekaru muna koya wa yara cewa Nijeriya ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960, amma da wuya malami ya faɗi sunan mutumin da ya furta wannan rana a madadin gwamnatin Ingila. Shi ne Alan Lennox-Boyd, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau.

An haife shi a shekarar 1904, ya yi karatu a Jami'ar Oksfod. A 1931 aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓar Mid Bedfordshire, kujerar da ya riƙe har 1960. Ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya riƙe ma'aikatar sufuri daga 1952, sannan a 1954 Firayim Minista Churchill ya naɗa shi Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka. Abin mamaki, mutumin da ya tashi da ƙaunar daular Ingila, a zamaninsa ne Ghana da Malaya suka sami 'yanci a 1957.

A watan Mayu na wannan shekara ya shugabanci taron tsarin mulkin Nijeriya a Landan, wanda Sardaunan Sakkwato da Awolowo da Azikiwe suka halarta. Wakilanmu suka nemi a tsayar da ranar 'yanci, shi kuwa ya ƙi. Duk da haka taron bai tashi a banza ba: Jihar Gabas da ta Yamma suka sami mulkin kai, aka kafa muƙamin Firayim Minista, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya hau. Arewa ta jinkirta nata har 15 ga Maris, 1959.

Batun da ya fi zafi shi ne na ƙananan ƙabilu, waɗanda ke tsoron danniyar manya idan Bature ya tafi, don haka suka nemi a ƙirƙiro musu jihohi. Lennox-Boyd ya kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Henry Willink. Rahotonta na 1958 bai goyi bayan sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawarar a rubuta 'yancin ɗan'adam cikin tsarin mulki. A taron da aka sake yi a Landan a wannan shekara, Lennox-Boyd ya nuna wa wakilai cewa in aka nace kan jihohi, to dole 'yanci ya jira. In aka haƙura, Ingila za ta sauka ranar 1 ga Oktoba, 1960, muddin sabuwar majalisa ta nema. Shugabanni suka zaɓi 'yanci. Sai dai ciwon da aka rufe bai warke ba. An yanke Jihar Yamma ta Tsakiya a 1963, Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a 1967 ana gab da yaƙin basasa, yau kuwa jihohi 36 ne, kuma neman ƙari bai ƙare ba.

Tarihin mutumin nan yana da baƙin tabo. A watan Maris na 1959, masu gadi suka doke fursunonin Mau Mau 11 har lahira a sansanin Hola na ƙasar Kenya, hukuma kuma ta fara cewa ruwan da suka sha ne ya kashe su. Majalisa ta yi masa ca, har daga cikin jam'iyyarsa. Ya nemi ya ajiye aiki, Macmillan ya hana shi, sai bayan zaɓen Oktoba ya sauka. A 2013 gwamnatin Ingila ta biya 'yan Kenya 5,228 diyya, wadda tare da kuɗin shari'a ta kai fam miliyan 19.9, saboda azabar da aka gana musu a wancan zamani.

Bayan barin majalisa ya zama Lord Boyd, ya shugabanci kamfanin Guinness na surukansa. Mota ta kaɗe shi a Landan a 1983, ya mutu.

'Yan'uwa, mu da ke zama a ƙungiya muna neman haƙƙin garinmu, akwai abin lura a nan. Koken ƙarami da aka ɗage don gudun jinkiri a 1958, an biya shi da tsada daga baya. Idan wata unguwa ko wani ƙauye ya kawo kuka gaban taronmu, mu saurare shi tun yana ƙarami. Allah Ya sa mu dace, amin.