Salaga da Tarihin Ƙamusun Hausa da Harsunan Turawa

Duk ɗalibin Hausa ya san jerin: Schön, Robinson, Bargery, Abraham. Da waɗannan sunaye huɗu ake buɗe tarihin ƙamusun Hausa, da su kuma ake rufe shi. Wannan jeri ya tsallake wani zango a kan hanyar Gwanja, inda malaman Hausawa suka zauna da Turawa suna fayyace musu kalma bayan kalma, tun kafin tutar Ingila ta hau Kano a 1903.

Mafari

J. F. Schön ya fitar da jerin kalmominsa a 1843, sannan ƙamus a 1876, wanda yawancinsa daga bakin Dorugu ne, yaron da matafiyi Barth ya tafi da shi Turai. C. H. Robinson ya leƙa Kano, ya buga nasa a 1899. Wannan duk sananne ne.

Zamanin Salaga, 1886 zuwa 1913

A wancan zamani Salaga kasuwar goro ce a ƙasar Gwanja. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan sauka a nan da jakunansu, wasu ta hanyar Yendi, su sauke kanwa da tufafi da fatu, su ɗauki goron Asante. Inda fatake suka yada zango, malamai sukan biyo baya. Haka Hausa ta zama harshen ciniki a Salaga da zangunan Yendi da Bawku, ko da yake Gwanjawa da Dagwamba da Kusasi kowa na da harshensa.

Bajamushe Gottlob Adolf Krause ya iso yankin a 1886. Ya daɗe a Salaga, inda aka san shi da Malam Musa, ya kuma tara rubuce-rubucen ajami da suka ƙare a Balin. A garin ne hanyarsa ta haɗu da ta Alhaji Umaru ɗan Abubakar, haifaffen Kano a wajen 1858, malami kuma mawaƙi da Larabci da Hausa.

Yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga. Kasuwa ta mutu, jama'a suka bazu, da yawa suka gangara Kete-Krachi a bakin kogin Bolta, ƙarƙashin Jamusawa. Alhaji Umaru ma can ya koma, har ya zama limamin garin. Sa'an nan yarjejeniyar 1899 ta raba ƙasar: Salaga ga Ingilishi, Yendi ga Jamus.

A Kete-Krachi ne Adam Mischlich, tsohon ɗan mishan da ya zama jami'in mulki, ya samu abin da Schön bai samu ba, wato malami Bakano mai alƙalami, wanda ya san fiƙihu da nahawu, ya kuma san sunan kowace haja a kasuwa. Mischlich ya buga littafin koyon Hausa a 1902, da ƙamusun Hausa zuwa Jamusanci a 1906. Alhaji Umaru ya rubuta masa bayanai da ajami kan al'adu da sana'o'i da tarihin ƙasar Hausa, waɗanda daga baya Douglas Ferguson ya fassara a 1973, Stanisław Piłaszewicz kuma ya buga wasunsu a 2000. Sunan Mischlich ne a bangon littafi. Wanda ya karanta rubutun malamin ya san daga wace rijiya aka ɗebo ruwan.

A ɓangaren Ingilishi ma haka aka yi. Littafin R. S. Rattray na 1913, mai juzu'i biyu na tatsuniyoyi da al'adu da karin magana, Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a Gwalkwas, Rattray ya juya shi zuwa boko da Turanci.

Kalmomin bariki

Yayin da malamai ke ba Turawa kalmomin Hausa, sojoji na karɓar na Turanci. Tun yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 Ingilishi ke ɗaukar Hausawa aikin soja a Gwalkwas, har Hausa ta zama harshen bariki. Dogayen kalmomin Turanci da suka shigo ta nan ba su tsira da siffarsu ba: samanja, babban saje, kalmomi biyu ne aka dunƙule, laftanan, ƙaramin hafsa, hedkwata, babban ofishi, asibiti, gidan magani, hankici, ƙyallen share gumi.

Akwai kuma dangi guda da ake ganewa da wutsiyarsu. Sunayen masu sana'a da a Turanci ke ƙarewa da "er" ko "or", Bahaushe ya ji su a bakin Bature ba tare da "r" ba, sai ya rufe su duka da "a": direba mai tuƙi, tela mai ɗinki, kafinta mai aikin katako, birkila mai gini, masinja ɗan aike, lauya mai kare ƙara, kwamishina da minista masu riƙe da ma'aikatu. Wannan shaida ce cewa ta kunne aka aro su, ba daga takarda ba.

Bayan haka

A 1934 ƙamusun G. P. Bargery ya fito da kalmomi kusan 39,000, a shekarar da Alhaji Umaru ya rasu a Kete-Krachi. Na Abraham ya biyo a 1949, na Jami'ar Bayero a 2006. Dukkansu Hausar Kano suka ɗauka ma'auni. Gananci, Hausar da ake yi yau a zangunan Salaga da Yendi da Bawku, sai ta koma abin ambato a gefen shafi, alhali daga zangunan wannan yanki ma an ɗebo kalmomi.