Gubar rogo da tarihin haɗa magani

Kun san dalilin da ya sa ake jiƙa rogo mai ɗaci kafin a ci, kun kuma san yadda makiyayi ke kore shanunsa daga gyauron dawa. To, abin da ake gudu shi ne gubar sayanayid, kuma wani sinadari da ake kira enzayim, wanda ke cikin tsiron, shi ke sakin ta. Yau masana'antu na juya aikin wannan enzayim ɗin baya domin haɗa magani.

Bari mu fara daga Birmingham ta Ingila. A 1902 Adrian Brown, farfesa a jami'ar birnin, ya yi gwaji da sukari da wani enzayim na yis. Ya lura cewa idan sukarin ya kai wani adadi, ko an ƙara, aikin ba ya ƙara sauri. Sai ya ce lallai enzayim kama sukarin yake yi, ya sarrafa, ya saki, sannan ya kama wani. Wato kamar mai nika ne, hatsi na wucewa, shi yana nan. Arahar ke nan, ɗan kaɗan ya isa aiki mai yawa.

Shekara guda bayan haka Arthur Lapworth, wanda ya zama farfesa a Jami'ar Manchester a 1913, ya bayyana yadda sayanayid ke manne wa wasu sinadarai. Amma fa akwai matsala. A kwalbar gwaji abin kan fito iri biyu, kamar hannun dama da na hagu, alhali sau da yawa jiki ɗaya kawai yake so. A 1908 Leopold Rosenthaler ya nuna cewa enzayim na ƙwayar almon ya fi fitar da hannu ɗaya. Irinsa ne aka yi amfani da shi daga baya wajen haɗa wani ɓangare na clopidogrel, maganin hana daskarewar jini.

A 2006 Jami'ar Manchester ta buɗe cibiyar da ke irin wannan bincike. Sai dai kada manomi ya yi saurin murna. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, amma kamfanoni ba buhu suke saye ba. Ƙwayar halittar tsiron suke ɗauka su dasa wa yis ko bakteriya, su riƙa samun enzayim ɗin a tanki.