Finafinan ban tsoro a Kankia da Kusada: jiya da yau

1/ Jiya a majalisa musu ya kaure kan fim ɗin da ya fi ban tsoro, sai na tuna labarin gidan kallon Kankia da kawuna ke ba mu. Ku biyo ni.

2/ A shekarun 1990 bidiyo mai kaset ake kallo da janareta. Nagin na 1976 da Jaani Dushman na 1979, duk na Indiya, su ke tashe, sai Evil Dead na Amurka. Kawu ya ce macijiyar Nagin ta fi firgita su, don mun yarda aljani na rikiɗa maciji. In an tashi, ba mai bin gindin tsamiya shi kaɗai.

3/ Mu kuwa The Walking Dead, da aka fara a 2010, ake tura mana a waya. Abokina ɗan Kusada dariya yake: gawar da aka sallata aka binne, ina za ta tashi?

4/ Ashe abin da ka yarda da shi ke tsorata ka. Yanzu kam wallahi mun manta da tsamiya, ƙarar babura daga daji ke hana mu barci. Allah Ya kawo mana sauƙi.