Gayyar Ƙasashe 50 Don Ceton Gine-ginen Abu Simbel

Ƴan uwa masu karatu, kowa a cikinku ya san gayya. In aikin gona ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya kira maƙwabta, kowa ya zo da hauyarsa. To, ku sani gwamnatoci ma suna yin gayya. Wata gwamnati takan ɗebi kuɗi daga baitulmalinta, ta aika ƙasa mai nisa don a ceci wani tsohon gini wanda ba nata ba ne. Yau za mu ba ku tarihin wata babbar gayya irin wannan. An yi ta a Masar da Sudan, daga shekarar 1960 zuwa 1980.

Mene ne Abu Simbel?

Abu Simbel wuri ne a kudancin Masar, bakin kogin Nilu, kusa da iyakar Sudan. Ana kiran wannan yanki Nubiya, mutanensa kuwa Nubawa. Yau fiye da shekara 3,200, wani sarkin Masar mai suna Ramsis na biyu ya sa aka sassaƙa ɗakunan bauta biyu cikin dutse a wurin. A ƙofar babban ɗakin akwai mutum-mutumin sarkin guda huɗu, suna zaune. Tsawon kowanne wajen mita 20 ne. Ƙaramin ɗakin kuwa ya yi shi da sunan matarsa Nefertari.

Masu sassaƙar sun san lissafi ƙwarai. Sau biyu a shekara, cikin watan Fabrairu da na Oktoba, hasken hantsi yakan shiga ta ƙofa, ya ratsa har ƙuryar babban ɗakin. Tun da daɗewa babu mai bauta a wurin. Abin da ya rage shi ne shaidar aikin hannun mutanen da, da rubutun da suka bari a jikin bango.

Ruwa ya taso

Shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya ƙudura gina babbar madatsar ruwa, wato baraji, a garin Aswan. Yana son ƙasarsa ta sami wutar lantarki da ruwan noman rani, ta kuma huta da ambaliya. An soma aikin a 1960 da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka gama a 1970.

Amma in an tare kogi, ruwa yakan koma baya. Tafkin da zai kwanta bayan madatsar tsawonsa wajen kilomita 500 ne, wato kamar tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram sau biyu. Abu Simbel da sauran tsoffin gine-ginen Nubiya duk za su nutse.

A 1959 Masar da Sudan suka kai kuka wurin UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu. Ranar 8 ga Maris 1960, shugaban hukumar, Vittorino Veronese, ya yi kira ga ƙasashen duniya su kawo agaji. Hujjarsa ita ce, irin waɗannan kayan tarihi gadon ƴan Adam ne baki ɗaya, asararsu kuwa asarar kowa ce.

Ina aka samo kuɗin?

Ƙasashe wajen 50 suka amsa kira. Aikin duka ya ci kimanin dalar Amurka miliyan 80. Ku lura, ba dalarmu ta tamma biyar a ke nufi ba, kuɗin Amurka ne. Rabin wannan kuɗi daga waje ya fito. Sauran rabin Masar ce ta ɗauki nauyinsa.

Ba daga baitulmali kaɗai aka tara ba. Ƙasashe da yawa sun buga tambur na wasiƙa mai hoton gine-ginen, don labari ya bazu. Masar kuma ta aika kayan zinariya na wani sarkinta na da, Tutankamun, aka nuna su a manyan birane. A 1972 mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi suka biya kuɗin kallo a birnin Landan, ribar kuwa ta shiga aikin ceto.

Yadda aka ɗauke dutse

An yi aikin Abu Simbel daga 1964 zuwa 1968. Da farko aka yi wata ƙaramar madatsa gaban wurin, don ruwa yana ta hauhawa. Sa'an nan aka rufe fuskar ginin da rairayi, kada duwatsu su faɗo su farfasa ta. Injiniyoyin ƙasar Siwidin ne suka tsara dabarar. Gwanayen yankan dutse suka zo daga Italiya, suka yi aiki tare da ma'aikatan Masar.

Dutsen mai taushi ne, ba ya son girgiza. Saboda haka wurare masu zane da fuskoki, da zarton hannu aka yanka su. An fitar da gunduwa fiye da 1,000. Nauyin gunduwa ɗaya yakan kai tan 20, wasu har 30. Tan 20 daidai ya ke da buhu 200 na gero mai kilo ɗari-ɗari. Kowace gunduwa aka rubuta mata lamba. Aka ɗaga su da inji, aka kai bisa tudu, mita 65 sama da wurinsu na da, wajen mita 200 baya da kogi. Can aka sake harhaɗa su bisa ga lambobin, aka yi musu rufi na siminti, aka jibga duwatsu ya zama tsauni. Har yau hasken rana yana shiga ƙuryar ɗakin sau biyu a shekara.

Kun ga amfanin rubutu da lissafi ke nan. Ba don lambobin nan ba, wa zai tuna mazaunin dutse dubu?

Gine-gine 22 aka ɗauke a wannan gayya. Wasu na Sudan an kai su harabar gidan tarihi na Hartum. An rufe aikin a watan Maris 1980. A lokacin shugaban UNESCO ɗan Afirka ne, Amadou Mahtar M'Bow na ƙasar Senegal.

Me ya sa suka bayar?

Za ku ce, me ya kai gwamnati kashe kuɗinta a ƙasar wani? Dalili uku ne. Na ɗaya, son a tsare tarihi. Na biyu, siyasa. A 1956 Amurka ta janye alkawarinta na ba da kuɗin madatsar, Tarayyar Sobiyet ta shiga madadinta. Taimakon ceton gine-gine ya zama wata hanya ta riƙe zumunci da Masar. Na uku, tukuici. Masar ta yarda masu tonon tarihi su tafi da kashi cikin abin da suka tono. Ta kuma ba ƙasashe huɗu kyautar ƙananan ɗakunan dutse sukutum: Amurka, Sifen, Holan da Italiya. Na Amurka yana birnin Niyok, na Sifen yana birnin Madrid.

Mutanen fa?

Kada mu manta da Nubawa. Wajen mutum 100,000 aka tayar daga garuruwansu cikin 1963 da 1964 da shekarun da suka biyo baya. Na Masar an kai su yankin Kom Ombo, nesa da bakin kogin da suka saba. Na Sudan an ɗauke su a jirgin ƙasa daga Wadi Halfa zuwa gabashin ƙasar, inda aka gina Sabuwar Halfa. Gonakinsu, da itatuwan dabino, da kaburburan iyayensu, duk ruwa ya ci. An iya sa wa dutse lamba a mayar da shi yadda ya ke. Gari da zumuncinsa ba su ɗaukuwa haka.

Abin da ya biyo baya

Wannan gayya ce ta share hanya ga yarjejeniyar 1972, wadda ƙasashe suka yi don tsare wuraren tarihi na duniya, tare da asusun taimako. Ƙasarmu Nijar tana ciki. An rubuta Ayar da Tenere a jerin wuraren a 1991, dajin W a 1996, tsohon birnin Agadas da dogon masallacinsa na ƙasa a 2013.

To, jama'a, ga abin riƙewa. Masar da Sudan ba su jira ba, su suka soma kai kuka, da rubutu da lissafin abin da zai nutse. Masar ta biya rabi. Mai gayya shi ke fara shiga gona, kuma shi ke nuna iyakarta.

Ku tattauna a wurin karatunku. Wane tsohon abu ne ke garinku: ganuwa, rijiya, masallaci, marina, ko littattafan malamai? Wa ya gina shi, a zamanin wane sarki? Ku tambayi tsofaffi tun suna da rai, ku rubuta abin da suka faɗa. Sa'an nan ku yi shawara wa zai yi masa yaɓe kafin damina.