Rage ƙiba ta hanyar lissafin kalori: inda ƙarin yake ɓuya a abincin mazauna Sabo, Ibadan

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci da abin sha. Jiki yana ƙona wani kaso wajen numfashi da bugun zuciya da zirga-zirga, abin da ya yi saura kuma sai ya adana shi a matsayin kitse. Idan abin da ke shiga ya daɗe yana rinjayar abin da ake ƙonawa, ƙiba ta samu. A ƙiyasi, babban namiji yana buƙatar kalori kimanin 2,500 a rana, mace kuma kimanin 2,000, sai dai adadin yana sauyawa gwargwadon shekaru da girman jiki da irin aikin da mutum ke yi.

Likitoci suna amfani da ma'aunin BMI wajen gane ko nauyi ya wuce kima. Ana raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Mai kilo 85 da tsawon mita 1.7 zai samu kimanin 29. Daga 25 zuwa sama nauyi ya yi yawa, daga 30 kuwa an shiga ƙiba mai haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da irin wannan ƙiba, wadda ke share fage ga ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. A Najeriya, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima.

Unguwar Sabo da ke Ibadan misali ce mai kyau ta yadda lamarin ke aukuwa a birane. An kafa ta a 1916 domin Hausawa, kuma ta yi suna ne da fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarbawa. A yau da yawa daga mazaunanta sana'ar zaune suke yi, kamar canjin kuɗi da ɗinki da tsaron shago, alhali abincin da aka gada na mutanen da ke yini a gona ko a hanya ne. Ga tuwon shinkafa da masa da fura da tsire, ga kuma amala da miyar wake ta maƙwabta. Har yanzu akwai masu kallon teɓa a matsayin alamar wadata, wasu mata ma na shan ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira "sha ka fashe", waɗanda ke da illa ga lafiya.

Mafi yawan masu son rage nauyi tuwo suke fara zargi. Amma wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne mai. Giram ɗaya na sitaci ko na furotin yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, kuma uwargida ba da cokali take zubawa a tukunya ba, da ludayi ne. Masa da ƙosai da soyayyar doya suna tsotse mai a kasko. Tsokar naman tsire ba ta da laifi, amma gutsuren kitsen da ake haɗawa da man da ake yayyafawa su ke ninka lissafin. Ita ma gyaɗa, duk da amfaninta, giram 100 nata ya haura kalori 550, kuma mutum yakan cinye hakan a zaman hira ɗaya bai ankara ba. Wake ɗaya ne ake yin ƙosai da alale da shi, amma wanda ya zaɓi alale marar yawan mai ya tsira daga kaskon suya.

Na biyu shi ne sukari, musamman wanda ake sha. Ƙaramin cokali ɗaya yana da kimanin giram 4, wato kalori 16. Kofin mai shayi da aka zuba wa cokali huɗu da madarar gwangwani, aka haɗa da burodi da soyayyen ƙwai, abinci ne cikakke, ko da yake da yawa ba sa ƙirga shi cikin abincin rana. Robar lemo mai santilita 50 tana da kalori kimanin 200 da sukari wajen cokali 12. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, ya fi kyau ma a tsaya a kashi 5, wato kimanin cokali shida. Gwamnatin Tarayya ta sanya harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, sai dai harajin bai shafi zoɓo da kunun zaƙi da furar da ake dama wa a gida ba, kuma su ma sukan sha sukari sosai. Matsalar abin sha ita ce ba ya ƙosarwa. Mutum zai sha, sannan ya ci abincinsa kamar yadda ya saba.

Sai a zo kan malmala. Ba dole ba ne a daina cin tuwo ko amala, abin da ake so shi ne mai cin malmala uku ya koma biyu, ya ƙara miya mai ganye kamar kuka da kuɓewa da lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu. Ana son babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma ƙasa da giram 5, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Kabeji da karas da tumatir da ake saukewa daga Arewa a kasuwar Bodija suna cika ciki da kalori kaɗan, haka ma kwaɗon zogale idan ba a cika masa ƙuli-ƙuli da mai ba.

Kilo ɗaya na kitsen jiki ya yi daidai da kalori kimanin 7,700. Wanda ya rage 500 a kullum zai iya sauke kusan rabin kilo a mako, kuma barin robar lemo ɗaya da cokali biyu na mai ya kusa cike wannan adadi. Saurin yakan ragu bayan wasu watanni, domin jikin da ya yi sauƙi ba ya ƙona abin da yake ƙonawa a da. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa a ga sauƙi a hawan jini da sukarin jini. Shayin rage teɓa da ake tallatawa a Facebook da TikTok galibi gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita, kitsen yana nan. A watan azumi ma wasu kan rage nauyi, amma soye-soyen buɗa baki da shagalin Sallah sukan mayar da shi.

Motsa jiki na minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri daga Sabo zuwa filin wasa na Lekan Salami da ke Adamasingba, yana taimaka wa zuciya kuma yana hana nauyin dawowa. Amma tafiyar rabin awa ba ta cika ƙona kalorin robar lemo ɗaya ba.

Masu ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, da masu juna biyu, da masu shayarwa, da masu ciwon ƙoda, su nemi shawarar likita kafin su rage abinci, domin sukarin jini na iya faɗuwa ƙasa ainun. Asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan yana da ƙwararru kan tsarin cin abinci. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya sauya cimarsa ba, musamman idan akwai yawan ƙishirwa da fitsari ko tari mai daɗewa, ya je a gwada shi.