Daga wuri zuwa waya: yadda bashin caca ya kusa cinye mana gonar gado a Ruma

Jama'a, wannan rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta. Na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta, ya ce in rubuta amma kar in kama suna.

A farkon 2024 ina zaune ofis saƙo ya shigo mani daga lambar da ban sani ba, da hoton ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, an rubuta wai ɓarawo ne ya gudu da kuɗin kamfani. Kafin La'asar mutum 6 sun kira ni, har da surukinsa. Malamin firamare ne, mata ɗaya da 'ya'ya 3, ko sigari bai taɓa sha ba. Da na je gida ranar Alhamis, ranar kasuwar Batsari, sai na tarar har ya fara magana da wani ɗan kasuwa a kan zai jinginar masa da kasonsa na gonarmu ta bakin gari. Wanda ya san halin da ƙasar Ruma take ciki ya san darajar gonar bakin gari. Gonakinmu na wajen dajin Rugu mun yi shekaru ba mu taka su ba saboda 'yan bindiga. Wannan ɗin ita ke ciyar da Inna.

Cacar ƙwallo ce a waya. Ya yi shekara biyu yana yi, ko matarsa ba ta sani ba.

Da Inna ta ji, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Wannan gonar ai ta taɓa zuwa jingina saboda caca, ta dawo." Wallahi ban taɓa jin labarin ba sai ran nan. Shi ya sa na koma bin tarihin abin, don in gane me ya canza tsakanin zamaninsu da namu.

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun lokacin da wuri ne kuɗi ake yin ta: a watsa wuri ƙasa, a ƙirga nawa suka kife nawa suka buɗe. Amma ku lura da wani abu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Katsina a 1851 ya wuce Kano, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Kuɗi kaya ne mai nauyi a lokacin. Ɗan caca sai ya ɗauko abin da zai iya ɗauka, ya zauna gaban mutane, ya rasa shi gaban mutane. In ya ƙare sai riga, sai jaki, kuma duk gari an gani.

Bayan Turawa sun ci Katsina a 1903, haraji ya koma na tsabar kuɗi, wuri ya yi ta ja baya, sule da kobo suka maye gurbinsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Daga nan manomi ya fara riƙe kuɗin shekara guda a rana ɗaya, in ya kai gyaɗa kanti da kaka. Karta kuma ta samu gindin zama a gefen kasuwanni da tasha.

A nan labarin Inna ya shigo. Wajen shekarun 1950, ƙanin kakanmu aka aika ya sayar da gyaɗar gandu. Ya kwana a kasuwa, aka kunna fitila aka baza karta, kafin asuba kuɗin gida duka sun tafi. Don a biya haraji a sayi hatsi, dole aka jinginar da gonar. Amma ga yadda aka yi: gaban mai gari, da liman, da shaidu. Aka faɗi adadin kuɗin kowa ya ji. Mai kuɗi zai noma gonar har ranar da aka mayar masa da abinsa, kuɗin ba ya haihuwa. Kakanmu ya hana ƙanin nasa taɓa kuɗin gida, ya tura shi cin rani, abin da ya samo a hannun yayansa yake zubewa. Kaka uku aka fanshi gonar.

Ba kowa ke wannan sa'ar ba. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna Batagarawa a 1967 tana nazarin yadda manoma ke rayuwa, littafinta ya fito a 1972. Ta yi bayanin jinginar gona, da falle, wato ka karɓi kuɗi da bazara ka biya da amfanin gona da kaka, da yadda talauci ke sa mutum ya rabu da gonarsa ɗungurungum. To kar wani ya ce da can aljanna ce. Mai kuɗi ya sha cinye talaka. Sai dai bashin wancan lokacin yana da fuska. Ka san wanda ke bin ka, shi ma ya san ubanka, kuma akwai dattijon da zai iya shiga tsakani.

Hukuma ta sha yaƙar caca. A 1977 gwamnatin soja ta Obasanjo ta haramta injinan kalokalo. A 2000, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, Katsina ta bi sahun jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a, 'yan karta suka koma lungu. A 2005 Tarayya ta yi dokar caca ta ƙasa da hukumar ba da lasisi. A Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe gomman shagunan cacar ƙwallo. A Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa waccan dokar ta 2005 ba ta aiki a jihohi, kowace jiha ita ke da ikon tsara abinta. Duk an yi ƙoƙari. Amma ƙanina bai taɓa shiga shagon caca ba. Shagonsa yana cikin aljihunsa, a buɗe yake ƙarfe 2 na dare, ba ɗan Hisbar da zai iya sa masa kwaɗo.

Abin da ya fi muni, mai ba da rancen ma yana cikin wayar nan. Ka fadi wasa, cikin minti 10 wata manhajar ta turo maka kuɗin ramuwa, da wa'adin mako ɗaya ko biyu da ruwa mai nauyi. Ba shaida, ba mai tsaya maka, ba wanda zai ce "kai wane, me za ka yi da kuɗin nan?" Jinginar da suke karɓa ita ce mutuncinka, wato lambobin da ke cikin wayarka. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022, ta kuma tilasta masu yin rajista. Daga ƙarshen Mayu 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajojin leƙa lambobi da hotunan mutane. Marasa rajista dai suna nan suna bi ta bayan fage. Mu kuma ma'aikata mu sani, tun Agusta 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashin da aka kasa biya daga duk wani asusunka mai lambar BVN ɗinka, matuƙar ka sa hannu a kan hakan ranar karɓar rancen. Canza banki ba gudu ba ne.

To yaya muka yi? Gaskiya dabarar kakanmu muka ɗauko.

Na farko, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka zauna ni da shi da matarsa da Kawu. Na ba shi biro da takarda na ce ya rubuta kowa da kowa. Da farko ya ce, "Yaya, bai wuce dubu 500 ba." Da muka bi saƙonnin wayarsa ɗaya bayan ɗaya, sai ga naira miliyan 1 da dubu 400: rancen albashi na banki, manhajoji 5, ƙungiyar taimakon kai da kai ta malamai, mai POS, da abokai biyu. Shi kansa bai taɓa haɗa lissafin ba, tsoro yake ji. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ran nan na gane hikimar.

Na biyu, mun rufe ƙofa kafin mu fara biya. Da na ba shi kuɗi a hannu, wallahi da dare zai sa su ya "ramo". Ya ba ni babbar wayarsa ya koma ƙarama mai madannai. Katin ATM ya dawo hannuna, ranar albashi tare muke kasafi, kuɗin cefane ya tafi hannun matarsa kai tsaye.

Na uku, mun jera bashin bisa wanda ya fi saurin haihuwa. Manhajojin muka fara. Babur ɗinsa muka sayar. Ni na riƙa magana da su, a rubuce, na ce ga abin da za mu iya, kuma in an sake tura saƙon ɓatanci za mu kai ƙara. Uku sun yarda sun yafe tarar jinkiri. Kowane biya sai mun karɓi shaida a rubuce. Banki muka je da ƙafarmu kafin su neme mu, aka tsawaita wa'adi don abin da ake yanka duk wata ya ragu. Abokai da mai POS Kawu ya je ya same su, suka ba da lokaci. Mutane suna da kara in an zo masu da gaskiya.

Na huɗu, ba sabon bashi don biyan tsoho. Wannan shi ya jefa shi rami tun farko, ya ci a ta biyu ya biya ta ɗaya, ya ci a ta uku ya biya ta biyu. Gonar kuma muka ce ba jingina. Kasonsa muka ba da haya damina biyu, a rubuce, gaban mai unguwa.

Ba zan yi maku ƙarya ba, ya taɓa zamewa. Wata na biyar ya ari wayar wani ya sa dubu 8. Da bakinsa ya zo ya faɗa mani yana hawaye. Na so in yi faɗa, Inna ta hana. Ta ce wanda ya kawo kansa ba a korar shi, in ka kore shi ɓoyewa zai koma, ɓoyon kuwa shi ne ciwon. Na yarda da ita. Masana lafiya ma yanzu jarabar caca a jerin cututtuka suke sa ta, tare da ta ƙwaya. In abin ya kai ga mutum baya barci ko yana maganar ya gaji da duniya, a kai shi asibiti, a haɗa da addu'a.

Yau saura na banki kawai. Gonar tana nan, bana rogo aka sa.

Na rubuta wannan ne don na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 albashi baya kai tsakiyar wata, ga gonaki sun gagara, ga kuɗin fansa sun tsiyata dangi da yawa. Mai cewa zai ninka maka dubu ɗaya ta zama dubu ɗari dole ya samu kunnen saurare. Ni kaina ina da rancen albashi a wuya, bashi hanji ne, ban fi kowa ba. Amma in kana cikin na caca, kar ka jira sai an tura hotonka ga surukinka. Ka nemi mutum ɗaya da kake jin nauyinsa, ka faɗa masa adadin na gaskiya, yau ɗin nan. In kuma kai aka zo wa, ka danne fushi, kar ka ba da kuɗi a hannu, ka ɗauko biro da takarda.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya biya wa duk mai bashi bashinsa, Ya dawo mana da zaman lafiya a Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya. Amin.